Ƙafar da Gwaggo Ta Ƙi Tausaya wa

Unguwarmu a Gaya yanzu sai a wayi gari har hantsi ya dubi ludayi ba a ji ƙarar taɓarya ko ɗaya ba. Abin da ake ji shi ne gurnanin injin markaɗe na bakin titi, da hon ɗin 'yan adaidaita, da kiɗe-kiɗen da ke fitowa daga wayoyin yara. Gida na ƙarshe da ake daka a layinmu na wata maƙwabciyata ne, ita ma bana 'ya'yanta suka kife turmin a ƙofar zaure suka mai da shi abin zama. Ran nan na zo wucewa na ga wani ƙato, gemu har ƙirji, ya ɗare a kai yana latsa waya, ɗaya hannun ya dafe ƙugu kamar mai tsohon ciki. Na tambaye shi lafiya, ya ce wai bayansa ke ciwo. Na ce me ya ɗauka, ya ce babu, haka kawai yake tashi da shi. Yaron nan bai cika talatin ba. Na dube shi sama da ƙasa na yi gaba, don in na tsaya zan faɗi abin da uwarsa za ta daina gaishe ni.

Ba shi kaɗai ba ne. Duk haka suke, manya-manyan jiki kamar buhun auduga, in ka danna yatsa ya nutse. Daga ƙofar gida zuwa kemis sai an tsare adaidaita. Bokiti ɗaya na ruwa sai an jira ɗan garuwa. Jikata ta tuƙa tuwon mutum shida, ta wuni tana shafa man zafi a kafaɗa tana waya tana ba da labari kamar wadda ta dawo daga yaƙi. A Islamiyyarmu ta mata akwai waɗanda na haifi sa'o'insu, amma kowacce da kujerar robarta take zuwa, a kanta take salla, wai gwiwa ba ta lanƙwasuwa. Tsuguno ma ya zama abin mamaki. In na tsuguna ina tsintar shinkafa sai su zagaye ni suna cewa Hajiya yaya kike yi, kamar na tashi sama. Sunayen cututtuka kuwa sun haddace su kamar karatun allo, wannan ta ce sanyin ƙashi, waccan ta ce jijiya ce ta danne, kowacce da ledar magungunanta a jaka. Ni ba likita ba ce, amma na san jikin da ba a sa shi aiki ba lalacewa yake, don na gani a ƙafata tun ina yarinya.

A Kademi aka haife ni, a gidan noma. Mu bayan kiran salla abin da ke tashin gari shi ne turmi. Gidan nan ya fara, na can ya amsa, kafin rana ta fito gari duk ya ɗauka, har kana iya gane matar da ke daka daga jin saukar taɓaryarta. Mu 'yan mata mukan haɗu uku a turmi ɗaya muna lugude, ki cilla taɓarya sama ki tafa ki cafe, wadda ta kuskure a yi mata dariya har yamma. Daga nan rijiya, mai zurfin da in ka leƙa ruwan kake hangowa kamar idon kaza. Ki ja guga har tafin hannunki ya yi kanta, ki naɗa gammo, ki ɗora tulu, ki miƙe wuya ki taho ba ki riƙe ba. Sai surfe, sai niƙa a dutse a durƙushe, sai kai abinci gona da rana tsaka. Abin da muke ci ba shi da ado: tuwon dawa da miyar kuka, kwaɗon zogale da ƙuli, fura da nonon da Fulani ke kawowa da ɗuminsa. In an sami ƙashi a miya ba a yar da shi sai an tauna an tsotse ɓargon. Ba na cewa zamaninmu aljanna ne. Ƙyanda ta kwashe yara a gabana, mata sun mutu a kan gwiwa babu mai taimako, kuma ba na fatan kowa ya koma can. Amma wanda Allah ya raya a cikinmu, to da jikinsa ya rayu. Kakata ta haura tamanin tana tashi daga tabarma ba ta dafa ƙasa ba.

Ina budurwa ƙarama, ban kai aure ba, wata rana hatsi ya ƙare a gida, Baba kuma ya tafi cin kasuwa. Maimakon in jira, na jingina tsani na hau rumbu don in ciro dami. Na rungumo damin gero ina saukowa, matakalar ta karye, na faɗo, ƙwaurina na hagu ya daki dutsen da ake ɗora rumbun a kai. Ni da kaina na ji ƙarar, kamar an karya busasshen kara. Da na duba na ga ƙafata ta kalli inda bai kamata ta kalla ba, sai duniya ta yi mini duhu.

Washegari Gwaggo ta iso da mai ɗori. Gwaggo yayar Baba ce, tana zaune a Gafasa, mijinta ya rasu, ba ta sake aure ba. Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, damatsanta kamar na maƙeri, kuma ban taɓa ganin haƙoranta a dariya ba. Mai ɗorin wani siririn tsoho ne ɗan garinsu. Ya shafa ƙafar a hankali yana bismilla, ya sa Gwaggo ta danne mini ƙirji, ya ja. Ihun da na yi an ce har bakin rijiya an ji. Ya jera karare, ya ɗaure da tsumma, sannan ya juya ya yi wa Inna, mahaifiyata, bayani guda biyu. Ya ce kwana arba'in kada ƙafar nan ta taɓa ƙasa. Ya ce bayan an kwance kuwa dole ta taka, ko tana so ko ba ta so. Inna ta ji na farkon, na biyun ya wuce ta bayan kunnenta.

Ban ga laifinta sosai ba. 'Ya'ya uku ta binne kafin ni, ni kaɗai na tsaya mata. Ranar da aka kwance ɗorin na ga ƙafar da ban sani ba. Ta motse ta zama kamar muciya, fatar tana saɓulewa, tsokar da ke bayan ƙwaurin ta tafi gaba ɗaya, sai fata tana reto. Aka ɗaga ni in taka, jiri ya ɗebe ni, na zube ina kuka. Inna ta ce shi ke nan, ba mai sake tayar mata da 'ya. Ta mai da ni ɗaki, ta shimfiɗa mini tabarma biyu, ta riƙa kawo mini komai har bakin shimfiɗa. Ko buta ba na ɗagawa. Wata biyu na ƙara a kwance bayan ƙashin ya riga ya haɗe.

A nan na koyi abin da yaran yanzu ba su sani ba. Ƙafa ɗaya ce ta karye, amma jikin duka ne ya kwanta. Abinci ya fita raina, tuwo ya koma mini kamar ƙasa a baki. Sai in yi kwana huɗu ban zaga ba. In na tashi zaune zuciyata ta riƙa bugawa kamar na yi gudu, numfashi ya yi gajere. Ƙafar mai lafiyar ma ta fara bin 'yar'uwarta. Ga baƙin rai, kowa ya shigo haushinsa nake ji. Mata suka fara shigowa dubiya suna magana ƙasa-ƙasa a kaina, har wata ta ba Inna shawara a koya mini saƙar faifai, tunda dai zama ya same ni. Yaran unguwa kuwa sun riga sun raɗa mini suna, ina jin su ta katanga suna tambayar ko gurguwar tana ciki.

Da kaka Gwaggo ta dawo. Ta shigo ɗakin ba ta zauna ba, ta yaye zanen da aka rufe ni da shi, ta kama ƙwaurina na dama ta auna da yatsunta, ta kama na hagu ta auna. Ta danna inda ya karye da ƙarfi, ta tambaye ni ko da zafi, na ce babu. Sai ta juya ta dubi Inna, kallon da har yau in na tuna sai na gyara zama.

Ta ce, "Ƙashin nan ya warke tuntuni. Ke ce ciwon yarinyar nan yanzu."

Inna ta fashe da kuka ta ce, "Yaya, ita kaɗai gare ni. In ta sake faɗuwa fa?"

Gwaggo ta ce, "In ta faɗi ta tashi. In kika bar ta a nan, damina mai zuwa ɗaukarta za a riƙa yi zuwa bayan gida, ke kuma ba za ki dawwama ba."

Baba bai iya musu da yayarsa ba. Da hantsi aka ɗora ni a jaki, Inna tana bin mu har bayan gari tana share hawaye, Gwaggo ko waiwaye ba ta yi ba.

Zaman Gafasa ban taɓa ƙin mutum kamar yadda na ƙi Gwaggo a lokacin ba. Randar ruwa ta ɗauke ta ta kai ƙarshen tsakar gida. Abincina a bakin murhu take ajiyewa, in ina so in je in ɗauka, in ba na so kaji su ci. Kwana biyun farko da jan gindi nake zuwa, ta ce ba ta hana ba, amma duk wanda ya ja gindi rabin kwano zai tarar. Na fara bin bango. Kullum da safe ta fito da ni rana, ta gasa ƙafar da ruwan zafi, ta mulke ta da man shanu, ta kama tafin ta lanƙwasa sama da ƙasa ina ihu tana ƙirgawa. Sannan ta dire mini ƙwaryar nono ta tsaya a kaina sai na shanye. In tana matsar mai, ta zaunar da ni ta sa in tokare turmin da ƙafafuna biyu kada ya motsa, tana juya tunkuza da ƙarfinta duka, turmin yana turo ni ina turo shi. Maganarta ɗaya ce kullum, wai ƙashi ba ya tsayuwa shi kaɗai, nama ne ke riƙe da shi, naman kuma ba ya zama a jikin wanda ba ya nemansa. Ni a lokacin ji nake mugunta ce kawai irin ta matar da ba ta taɓa haihuwa ba, kuma na faɗa mata haka a fuskarta. Sai ta ƙara matsar da randar.

A maƙwabtan Gwaggo akwai wata yarinya sa'ata, muna ce mata 'Yar Barno, duk da kakanta ma a garin aka haife shi. Doguwa ce, baƙa, mai ƙarfi kamar namiji da sanyin hali kamar ruwan randa. Ita ce ta riƙa zuwa tana ba ni kafaɗarta muna zagaya gida. In Gwaggo ta ga na sakar mata nauyina duka sai ta kore ta, gobe kuma ta dawo. Haka har na fara taku goma, ashirin, ba bango ba kafaɗa, amma ƙofar gida ban yarda na fita ba. Tsoro ya riga ya zauna mini.

Wata rana Gwaggo ta ce in zo mu je gona roron gyaɗa. Ta ɗora ni a jaki, muka tafi can bayan gari, tafiyar da mai lafiya zai yi ya ji a jikinsa. Na zauna a gindin wata ɗorawa ina tsinta har aka yi azahar. Sai na ga ta ɗaure harawa a bayan jakin, ta kama igiyarsa ta kama hanya. Na ce Gwaggo ni fa. Ta ce jaki ya yi kaya, gida kuma yana nan inda na bar shi. Na yi kuka, na yi magiya, na kira sunan Inna, na ga bayanta yana ƙanƙancewa har ya ɓace a cikin karan dawa.

Na daɗe a zaune ina jiran ta dawo. Da na ga inuwa ta fara tsawo na san ba za ta dawo ba, na kama jikin ɗorawar na miƙe. Tafiyar nan ba zan manta ta ba. Yashi yana riƙe ƙafar, cinyata tana rawa kamar ba tawa ba. Na faɗi ya fi sau biyar, ƙaya ta cika mini tafin hannu. Can na ji motsi a bayana, na waiga na ga 'Yar Barno. Na miƙa mata hannu, ta noƙe, tana kuka ta ce Gwaggo ta rantse in ta taɓa ni ba za ta sake shiga gidan ba. Haka ta biyo ni a baya, in na faɗi ta tsaya, in na tashi ta taho. Ana kiran magariba muka shigo gari. Gwaggo tana tsaye a ƙofar gida, ta dube ni daga kai har ƙafa, ta ce in wanke jikina ga tuwo can. Da na shiga sai na ji gidan duk ƙauri. Kasko guda na gyaɗa Gwaggo ta bari ya ƙone ƙurmus garin leƙen hanya, matar da maƙwabta suka ce tunda ta fara sana'ar ba su taɓa jin ƙauri daga gidanta ba. Ranar malmala biyu na cinye na nemi ƙari.

Kafin damina na koma Kademi da ƙafata, da tulu a kaina na shiga gidanmu don Inna ta gani. Har yau in sanyi ya yi wurin yana yi mini tsami, iyakarsa ke nan. A kan ƙafar nan na yi aure aka kawo ni Gaya, na haifi tara, na yi ɗawafi ba a tura ni a keke ba.

'Yar Barno ma Gaya aka kawo ta, layi biyu tsakaninmu, muka tsufa tare. Ta fi ni ƙarfi nesa ba kusa ba. Tana da jikoki tana sauke buhun gero daga amalanke ita kaɗai. Sai Allah ya buɗa wa 'ya'yanta, suka rushe gidan ƙasar suka yi na siminti, suka shimfiɗa tayil mai santsi har banɗaki, suka kawo mai aiki, suka sayo wata kujera mai laushi da in ka zauna sai an jawo ka. Suka ƙwace tsintsiya, suka ƙwace muciya, suka sayar da awakinta wai suna ɓata gida. Ko gidan suna za ta, sai mota ta zo har ƙofa. Nawa 'ya'yan ma sun gwada mini haka, na ce duk wanda ya taɓa mini tsintsiya ban yafe ba, suka ce Hajiya rigima, suka ƙyale ni. Ita kuwa ba ta iya cewa a'a ba. Na yi mata magana ta ce to ya za ta yi, yaran suna jin kunya a ce uwarsu tana shara, kuma don Allah suke yi. Na ce don Allah ko don bakin mutane, ta yi dariya ta ce ban canja ba.

A idona ta narke. Shekara ta farko ƙiba ta yi, suka yi ta murna wai hutu ya karɓe ta. Daga nan aka ce sukari, aka ce hawan jini. Hannun da ke sauke buhu ya koma ba ya iya buɗe murfin kwalba. Ta fara salla a zaune, ta fara jan ƙafa. Wata safiya santsin banɗakin ya kwashe ta, faɗuwar da a da za ta tashi ta karkaɗe zane, ƙashin ƙugunta ya karye. Suka kai ta asibiti a birni aka yi aiki, kuma likitan ya gaya musu gaskiya, ya ce lallai a riƙa tayar da ita tana takawa kullum, har ya nuna musu yadda za su yi. Suka dawo gida, suka gwada sau biyu, ta yi kuka, suka ce ba za su iya ganin Mama tana wahala ba.

Na je na same ta a kwance. Na ce ta kama wuyana mu tashi. Ta kama, mun kai rabi ta yi ƙara, babbar 'yarta ta shigo da gudu ta ɓamɓare hannuna, ta ce don girman Allah in bar musu uwa ta huta, ba zamanin da ba ne. Na dubi 'Yar Barno, ta kawar da kai. Nan ne na gaza. Da Gwaggo ce, da ta ture yarinyar nan ta ci gaba da abin da ya kawo ta, ko da za a daina gaishe ta har ta mutu. Ni na ji kunya, na ce gidan mutane ne, na ɗauki mayafina na fito. Bayan nan zuwa nake in zauna a bakin gado mu yi hirar Gafasa. Bayanta ya yi gyambo, tari ya sauka a ƙirjinta, abinci ya daina shiga. Ba ta ga wata damina ba.

Ta bar wasiyya ni zan yi mata wanka. Na shiga da 'ya'yanta mata uku, dukansu manyan mata masu gidajen kansu. Aka shimfiɗa ta a ƙasa. Babbar ta ce gwiwarta ba za ta bari ta tsuguna ba, aka kawo mata kujera. Ta biyun ta sunkuya ta riƙe ƙugu ta miƙe. Ƙaramar ta kama kafaɗar uwarta za ta juya ta, ta kasa. Na ce su matsa su riƙa miƙo mini ruwa. Na durƙusa na sa hannu ɗaya a ƙarƙashin wuyanta, ɗaya a ƙarƙashin cinyoyinta, na tattara ƙarfina don na san matar da zan ɗaga. Sai ta taso mini gaba ɗaya kamar jaririya, har na kusa faɗawa baya. Babu komai a cikin fatar nan. Na wanke ta ni kaɗai, dama sannan hagu, na sa mata likkafani, ban bari hawayena ya ɗiga a kanta ba.

Da maza suka fita da ita, babbar 'yar ta faɗo jikina tana kuka. Ta ce, "Hajiya, ke shaida ce, mun yi wa Mama komai. Ko tsinke ba mu bari ta ɗaga ba."

Na zare hannunta daga wuyana a hankali. Na ce, "Na sani, 'yata. Yanzu na ɗaga ta, na ji."